Daɓen Da Ya Je Ofishin Fansho

Duk wanda ya ce muku shekaru na ƙara wa namiji hankali, ku turo mini shi in nuna masa mijina, Bong Dalsu. Shekara talatin da 'yan kai muna tare, gida ɗaya, aiki ɗaya, amma har yau in na ce masa kada ya taɓa abu, to kamar na ce masa ungo ne.

Sana'armu ɗakin ondol, wato ɗakin da wuta ke bi ta ƙarƙashinsa. Shi ke jera falalen duwatsu a kan hanyoyin hayaƙi, ya shafe su da yumɓu. Ni kuma, Ok Sunre, in daɓen ya bushe sai in bi shi da takarda, shimfiɗa kan shimfiɗa, ta fari tarkace, ta ƙarshe mai kauri wadda aka jiƙa da mai. Ba mu da ubangida, kanmu muke yi wa aiki. Kowa da rajistarsa, kowa kuma da zubin fanshonsa. Ni na raba mu tun farko, don kada in tsufa wani ya ce arzikin miji nake ci.

'Yarmu ɗaya ce, Yonju. Ta tafi Japan karatu, wani yaro mai kunya, Naoto, ya riƙe mana ita a wani ƙauye cikin tsaunukan Shimane. Da ta kira ta ce tana da ciki, na yi murna, na kuma yi kuka a wuri ɗaya. Haihuwar fari, babu uwa a kusa? Wa zai dafa mata miyar ganyen teku ta masu jego? Wa zai hana ta taka ƙasa mai sanyi? Ina cikin wannan damuwar sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Gwaggon Naoto, Uwargida Hoshikawa, tana da masaukin baƙi, kuma tana son a yi mata ɗakuna irin namu. Aikin wata shida, kuma watan haihuwar Yonju yana tsakiyarsa. Tun ba a gama maganar ba na fara ɗaure kaya.

To, sai takardu. Ma'aikacin kamfani yana barci ake yi masa komai, mu kuwa da ƙafarmu muka yi ta zarya. Lokacin yarjejeniyar fansho ta ƙasashen biyu sabuwa ce. In kana zubin fansho a gida ka je aiki can na ɗan lokaci, sai ka tafi da takardar shaida, don kada a sa ka zubi biyu. Na kai hatimina, na kai kwangila, na koma, na sake komawa. Sama da wata guda kafin takardar ta fito, fara tas, mai kauri, da jan hatimi a ƙasa. Dalsu ya ninke tasa huɗu ya cusa a aljihun riga kamar rasit ɗin kifi. Ni kuwa tawa na yi mata abin da duk mai aikin takarda ke yi wa abu mai daraja: na shimfiɗe ta a tsakiyar damin takardun aikina, inda ba za ta lanƙwashe ba.

Muka hau jirgin ruwa daga Busan. Uwargida Hoshikawa, 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai murya kamar ta tsuntsu, ta gaya mana tun ranar farko, Naoto na fassara. Hukumar ƙauyen ce ta tallafa mata da aikin, kuma da sharaɗi. Kafin ƙarshen wata na uku, kowane baƙon ma'aikaci ya kai takardarsa ofishin fansho na gunduma a gani. Wanda bai kai ba, aikinsa ya tsaya, in aiki ya tsaya kuma zamansa ya ƙare.

"Abu mai sauƙi," in ji Dalsu. "Bari mu gama ɗakin farko tukuna."

Ɗakin farko kuwa ya yi kyau, ba don mijina ba ne. Ranar da ya kunna wutar gwaji hayaƙi ya miƙe sambal, ko kusurwa ɗaya ba ta yi sanyi ba. Ya tsaya yana shafa daɓen da tafin hannu kamar mai shafa kan jariri.

"Maman Yonju, tun da nake ban taɓa yin irin wannan ba."

"Haka ka ce a Hadong."

"Na Hadong ƙaninsa ne."

Ranar da zan fara shimfiɗar fari sai ta zo daidai da awon Yonju. Na bar gam ɗina a kwano, gam na alkama da na shekara ina tsimawa, wanda in ya kama abu sai dai a rushe gida. Na ce da Dalsu ya je ya sara itace, kada ya taɓa mini komai. Da muka dawo da la'asar sai na tarar da shi a ƙofar ɗakin, gam har gwiwar hannu, yana washe baki. Ya gama mini shimfiɗar fari kakaf, har ya sa wuta ta busar. Na duba, babu kumbura, babu karkata. Kai, har daɗi na ji! Na ce yau mutumin nan ya yi abin kai, na soya masa kifi biyu.

Sai da ƙarshen wata na ukun ya matso, ranar da za mu ofis, na buɗe damin takarduna. Na ɗaga, na sake ɗagawa, na zazzage. Babu. Na nufi ɗakin nan ba takalmi, ina bin daɓen da ido sahu-sahu. Can wajen bakin wuta, inda ya fi ko'ina zafi, sai ga jan hatimi yana kallona. Ga sunana, ga ranar haihuwata, a shafe lumui da ƙasa.

"Baban Yonju!"

Ya shigo yana tauna. "Lafiya?"

"Zo ka karanta mini wannan."

Ya sunkuya, ya matse ido, don tabarau a wurinsa na tsofaffi ne. Sai taunar ta tsaya.

"Af."

"Af? Af kawai za ka ce mini?"

"Yo na ga duk cikinsu ita ta fi kauri, na ce ita ta dace da wurin zafi. Ke ma wa ya ce ki ajiye ta cikin tarkace?"

"Tarkacenka ne? Na ce ka sara itace, ko na ce ka yi mini gwaninta?"

"Ai kin yaba. Kifi biyu fa."

Na rantse da ba don muciyar gam ta yi mini nisa ba, da ya ji ta a ƙeya. Na durƙusa na gwada bakin takardar da farce, ko gezau. Na kawo tururi, sai jan hatimin ya fara alamar zai narke, na janye da sauri, kada garin neman gira a rasa ido. Ranar na tsine wa ƙwarewata. Da gam ɗin kanti ne, da tuni ta ɓare.

Naoto, bawan Allah, ya ɗauki hotonta ya wanko, muka tafi ofis. Wadda ke kan teburin wata budurwa ce, Tanabe, gashi a ɗaure tsaf. Ta karɓi takardar Dalsu duk da ninkinta da tabon miya, ta duba, ta buga hatimi. Ta karɓi hotona da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuyar da kai ta yi magana mai tsawo.

"Me ta ce?"

Naoto ya share zufa. "Umma, ta ce ta ji tausayinki ƙwarai. Amma sai ta asali. A kawo ta nan, ta gani da idonta."

"Ka ce mata ta zo ta gani. Zan ba ta shayi."

Ya faɗa, ta sake sunkuyawa. Ba ta da izinin barin tebur don wannan. Sai dai in nemo sabuwa daga gida. Sabuwa kuwa sai na je da kaina, da hatimina da na kulle a akwati a garinmu Jinju, in sake wata guda ina zarya. Yonju kuma ta riga ta shiga watanta, cikin har ya sauka.

Da muka koma, Yonju na zaune ta miƙe ƙafafu, sun kumbura sumtum. Ta ji labari, ta yi murmushin ƙarfin hali.

"Ba komai, Umma. Akwai asibiti, akwai Naoto. Ki je ki dawo."

Na san 'yata. In ta ce ba komai, to komai ne. Na juya na shiga madafi don kada ta ga idona, na yi ta wanke tukunyar da na riga na wanke. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na ƙetare teku saboda rana ɗaya, kuma ranar ce za ta same ni a layin ofis a Jinju.

Dalsu fa akwai abin da ubangidansa na koyo ya bar masa, wanda yake riƙe da shi kamar addini: daɓen da aka rufe aka sa masa wuta, ba a buɗe shi. Ya sha barin aiki saboda wannan. Akwai wani attajiri a Namwon da ya ce a ɗaga dutse ɗaya a sa masa bututu, Dalsu ya kwashe kayansa ya bar masa gidan. Saboda haka ko a mafarki ban kawo zai fasa daɓen nan ba.

Da safe na ji ƙwas, ƙwas, daga ɗakin. Na leƙa. Ga shi a durƙushe da kurfi da guduma, ya zana layi kewaye da takardata, yana sara yumɓu a hankali. Uwargida Hoshikawa na tsaye a ƙofa ta rufe baki da hannu.

"Baban Yonju, me kake yi?"

"Ba ta ce a kawo ta ba? Za a kawo ta."

"Yumɓun zai farfashe."

"Shi ya sa zan ɗauko da dutsen."

"Dutsen bakin wuta? Ka haukace? Shi ne mafi girma a ɗakin!"

"To wa ya ce in manna ta a can? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Matsa mini daga haske."

Ya sa kurfi a gefen dutsen. Bai kalle ni ba. Na ɗauko tsumma mai tsabta na rufe takardar, na durƙusa kusa da shi ina kwashe ɓaraguzai. Ya tambayi tsohuwar ta bakin Naoto ko ta yarda, ya ce zai sake mata ɗakin daga tushe. Ta ce ɗaki dai ɗaki ne, amma da sharaɗi ɗaya: da ita za a je, don ba za a ba ta labari ba.

Dutsen ya fito kamar faifan tuwon gidan biki, sai dai kaurinsa ya kai taƙi, ƙasansa baƙi wuluk da kunkunniya, ga shi da sauran ɗumin wutar jiya. Dalsu ya harhaɗa jige, abin goyon kaya na itace irin na ƙauyenmu, daga guntayen katako. Muka ɗora a akori-kurar Naoto, tsohuwa a gaba da jakarta a cinya, ni da Dalsu a baya muna riƙe da fanshona kada ya zame.

A ƙofar ofis akwai matakala. Naoto ya ce a kama masa, Dalsu ya ce a'a, shi ya manna, shi zai goya. Ya durƙusa, muka ɗaure masa, ya miƙe da wani nishi da sai da tantabaru suka tashi. Ya hau a hankali, dusar ƙanƙara na sauka a kansa, ni ina biye ina cewa a hankali, yana cewa in rufe masa baki.

Kun san ofisoshin mutanen nan, tsit kamar ana jarrabawa. Ƙofa ta buɗe da kanta, ga mutum ya shigo da dutse a baya. Kowa ya ɗago, sannan kowa ya mayar da kansa ƙasa, wai don kada su ba mu kunya. Dalsu ya je wurin na'ura ya ciri lambar layi kamar kowa. Ba ya iya zama, sai ya tsaya a tsakiyar fili, kunkunniya na zuba a kan tayil ɗinsu mai ƙyalli. Ni kuwa ina bin sa da tsumma ina gogewa, ina ba da haƙuri da yaren da ba wanda ke ji.

Aka kira lambarmu. Ya je gaban Tanabe, ya juya mata baya, ya fara durƙusawa zai sauke a kan tebur. Ta zabura ta miƙe tana kaɗa hannu. Aka sauke a ƙasa. Na yaye tsumman.

"Gaya mata," in ji Dalsu yana haki, "ga ta asali."

Tanabe ta zagayo. Ta gyara siket ta durƙusa a gaban dutsen, ta sa yatsa tana bin layi-layi, ta duba suna, ta duba kwanan wata, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa hatimin. Sai ta tsaya, ta shimfiɗa tafinta a gefe, ta ɗago da mamaki ta faɗi kalma ɗaya.

"Ta ce da ɗumi," in ji Naoto.

"Yo da fa!" Dalsu ya manta da hakinsa. "Ka ce mata wutar jiya ce. Ka ce har gobe ba zai huce ba."

Ta kira shugabanta, wani mai furfura da tabarau a goshi. Ya zo ya tsaya, ya kewaya dutsen, ya koma ya ɗauko littafin ƙa'ida ya buɗe. Muka yi tsuru-tsuru. Na kama hannun rigar Dalsu na murɗe. Can sai mutumin ya rufe littafin ya yi magana, fuskarsa ba alamar wasa.

Naoto ya ƙunshe dariya. "Ya ce ƙa'ida ta ce a kawo ta asali. Ba ta faɗi nauyinta ba."

Saura kwafi. Wani ma'aikaci ya kalli injin kwafinsu, ya kalli dutsen, ya girgiza kai, aka ɗauko kyamara. Kafin a gama, tsofaffin da ke jiran layi sun taso ɗaya bayan ɗaya. Wata ta nemi izini ta ɗora hannu, wani ya cire safar hannu ya ɗora nasa, kan ka ce kwabo an kewaye fanshona ana jin ɗumi ana hira. Uwargida Hoshikawa, da ba ta bari dama ta wuce, tana tsakiya tana rarraba katin masaukinta.

Tanabe ta ɗauko hatimi, ta hura masa iska, ta buga a gefen takardar, ƙwal. To, al'adarsu ce in sun gama su miƙa maka takardarka da hannu biyu. Ta sa hannu biyu a gefen dutsen, ta yunƙura, ko motsi bai yi ba. Sai ta bar hannuwan a kai ta sunkuyar da kai, wai ta miƙa. Nan dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki, ta ƙwace wa shugaban, sai ofis gaba ɗaya ya ɗauka. Ni dai ina dariya hawaye na zuba, na rungume yarinyar nan da hannuwana masu kunkunniya, na ɓata mata farar riga.

A wajen saukowa ne bayan Dalsu ya ce ƙas. Dutsen dai ya isa mota lafiya, amma mutumin ya ƙi miƙewa. Ya dawo gida a sunkuye kamar mai neman allura, likita ya ce sai ya huta. Na gasa masa bayan da tawul, ina gasawa ina yi masa faɗa, yana cewa in ƙara, gashin yake nufi.

Ba a yi mako ba, da hantsi, Yonju ta ƙwala mini kira daga ɗaki. Muka kwasa sai asibiti. Dalsu ya ce ko a kan jige ne sai an kai shi. Yana tafe a barandar asibitin a sunkuye, duk ma'aikaciyar da ta gan shi sai ta ɗauka gaisuwa yake, ta tsaya ta sunkuya masa ita ma. Kafin ya kai ƙarshen baranda ya gaisa da asibitin kaf.

Ni ina ciki. Yarinyar da ta ce mini ba komai ta riƙe hannuna har sai da na ji ƙashi na ƙara. Duk yaren mijinta ya gudu daga bakinta, sai namu, irin na kasuwar Jinju, har da zagin da ban san ta iya ba.

"Umma, kada ki sake ni!"

"Ina nan. Yi nishi, 'yar nan, ina nan."

Da azahar ta sauka, mace, ja-jawur, da murya irin ta gidanmu. Aka goge ta aka naɗe, aka miƙo mini, ni na fara ɗaukar ta bayan uwarta. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar da na haifi Yonju, don ranar wahala ba ta bar ni na ji komai ba.

Na fito da ita baranda. Naoto na kuka ya jingina da bango, Dalsu na tsaye a sunkuye, yana ta ƙoƙarin ɗago kai ya gani, wuyan ya ƙi.

"Maman Yonju, ba na ganin ta. Sauko da ita."

Sai na durƙusa a ƙasa a gabansa, na ɗago masa ita daidai fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Hawayensa ya ɗiga a kan zanen, ya sa babban yatsansa mai kaushi ya share.

"Kai," ya ce a hankali. "Da yanzu kina Jinju."

"Da ina Jinju," na ce. "Riƙe ta da kyau, tsoho. Wannan ba dutse ba ce."